BASHIN DA BA RANAR BIYA

Yau ina son mu dan taba lissafi, domin yana da alaka da wani ciwo da ke cin 'yan kasuwarmu a nan Ikko, wato bayar da kaya bashi ba tare da an tsayar da ranar biya ba.

A ce wani ya karbi albasar N64,000 a Mile 12, ya ce duk wata zai biya rabin abin da ya rage. Wata na farko ya kawo N32,000, na biyu N16,000. Bayan wata 6 saura N1,000, bayan wata 10 saura N62.50. Kullum bashin na raguwa, amma a takarda ba ranar da zai kare, domin komai kankantar abu yana da rabi.

Wani masanin falsafa na Girka mai suna Zeno ya kawo irin wannan tun karni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce mai gudu ba zai kai karshen fili ba, tunda sai ya ci rabin tafiyar, sannan rabin saura, haka ba iyaka. Amsar masana lissafi ita ce, lokacin ma raguwa yake tare da tafiyar: rabin minti, rubu'in minti, rabin rubu'i, in ka hada su duka minti 1 ne cif. Shi kuwa mai albasarmu watansa ba ya raguwa, kowanne wata ne cikakke. Shi ya sa mai gudu ke isa, mai kaya kuma ya tsufa yana jira.

Injiniyoyi masu sarrafa na'urori sun san wannan bambanci. Daban ne a ce inji zai rika kusantar inda ake so, daban ne a ce zai isa cikin dakika 10. Richard Bellman na Amurka, a littafinsa na 1957, ya nuna yadda ake fara lissafi daga ranar karshe a dawo baya, har a gano abin da ya kamata a yi yau. In babu ranar karshe, daga ina dan kasuwa zai fara kirge?

Na san wasu za su ce sanya wa dan uwa rana rashin kunya ne, mu da muke zaman bakunta a Kudu muna rike da juna. Ni a ganina rashin ranar ne ke bata zumunci, domin mai kaya na ganin an makara, wanda ya karba na ganin da saura, kuma babu mai shaida. Ayar da ta fi tsawo a Alkur'ani, ta 282 a Bakara, kan rubuta bashi da wa'adinsa take magana.

Don haka dan uwa, kafin kaya su bar rumfa, a fadi rana, a rubuta, a kira mutum biyu. Allah Ya sa mu dace. Sai na ji ra'ayoyinku.