Mun San Gwal, Amma Mun San Daimon Kuwa?

Kwanakin baya wani yaronmu da ke aiki a Ikeja ya je wurin wani dattijo a cikinmu mai sana'ar gwal, ya fito da ɗan ƙaramin akwati daga aljihu. Aurensa bai cika shekara biyu ba. Mai gida ya ƙara musu kuɗin haya, shi da matarsa suka yi shawarar a sayar da zoben da ya sa mata ranar dina. Dattijon ya juya zoben, ya duba lambar da ke cikinsa, ya ɗora a sikeli, ya faɗi farashi. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Baba, dutsen fa?" Dattijon ya ce, "Dutsen naka ne, ɗana. In kana so in cire maka ka tafi da abinka. Ni gwal nake saye." Abin da aka taya bai kama ƙafar abin da ya biya ba. Da aka tambaye shi takardar zoben, sai ya nuna rasit ɗin banki da hirar da suka yi da mai sayarwa a Instagram.

Ba don mu kunyata shi muka kawo labarin ba, da izininsa ma muka kawo. Mun kawo ne domin zoben daimon ya shigo bukukuwanmu na nan Legas da Ibadan da sauran garuruwan kudu, ya zauna daram, alhali yawancinmu ba mu san yadda ake gane mai kyau ba. Iyayenmu mata ba a yi musu wayo a gwal. Tsohuwa za ta ɗauki sarƙa ta jinjina a tafin hannu, ta ce wannan ɗan Saudiyya ne, wancan ɗan Dubai ne, ta tambayi giram nawa, ta tambayi kuɗin aiki, ta san abin da za ta samu in ta mayar gobe. Jikokinta kuma suna tura maƙudan kuɗi a kan hoto. Cinikin biri a sama ke nan.

Ba mu ce kada a saya ba. Wanda Allah ya hore wa, yana so ya faranta wa amaryarsa, babu mai hana shi. Sai dai yana da kyau a san cewa ko a wurin Turawan, yaɗuwar wannan al'ada ba ta daɗe ba. Kamfanin De Beers, wanda a wancan zamani yake riƙe da kasuwar daimon ta duniya, shi ya dage da talla a Amurka tun ƙarshen shekarun 1930, a 1947 kuma aka fito masa da taken nan da ke cewa daimon na har abada ne. Maganar cewa saurayi ya kashe albashin wata ɗaya, daga baya aka mayar da shi wata biyu, daga tallan ta fito, ba daga wani littafi ba. Japanawa ma ba su damu da zoben ba sai da aka kai musu tallan a ƙarshen shekarun 1960. Mu namu tallan ta waya ya iso.

To, in za a saya, me ake dubawa?

Abu na farko da ke rikita mutanenmu shi ne kalmar karat. A gwal, karat tsabta yake nufi: 24 zalla ne, 21 da muka saba da shi ana buga masa lamba 875, 18 kuma 750, wato kashi uku cikin huɗu gwal ne. A daimon kuwa karat nauyi ne kawai. Karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram, sai an tara karat biyar a samu giram guda. Daimon mai karat ɗaya da aka yanka zagaye faɗinsa bai wuce kusan milimita shida da rabi ba. Don haka in mai kanti ya ce maka "zoben nan karat 18 ne", ƙarfen yake nufi, bai ce komai a kan dutsen ba tukuna. Akwai kuma wata dabara: zobe mai ƙananan duwatsu goma sha biyar ana iya haɗa nauyinsu duka a ce karat ɗaya, alhali darajarsu ba ta kusa da ta dutse guda mai karat ɗaya. A tambaya, nauyin na dutsen tsakiya ne ko na duka? Farashi kuma yana tsalle ne a cikakkun lambobi. Dutse mai 0.90 ido ba zai bambanta shi da mai 1.00 ba, amma aljihu zai bambanta.

Sai launi. Ma'aunin da duniya ke bi, wanda cibiyar nazarin duwatsu ta Amurka, GIA, ta fito da shi a shekarun 1950, yana farawa daga harafin D, fari tas kamar ruwa, ya gangara zuwa Z mai rawaya-rawaya. A nan akwai sauƙi gare mu. Matanmu jan gwal suke so, shi kuwa jan gwal yana haska rawaya a cikin dutsen ko da D ne. Biyan kuɗin D a ɗora a kan jan gwal asara ce. H ko I ko J sun wadatar, ba wanda zai gane a wurin biki.

Tsabtar ciki ita ma haka. Kusan kowane daimon yana da ɗan tabo ko tsaga a cikinsa, ana duba shi da madubi mai ƙara girma sau goma. Matakan suna farawa daga marar tabo sam, su bi ta VVS, da VS, da SI, su ƙare a I inda ido ƙuru-ƙuru yake ganin aibin. Tambayar da ta dame mu ɗaya ce: in an riƙe shi kamar yadda mutum ke duba agogonsa, ana ganin tabon? In ba a gani, VS2 ko SI1 mai kyau ya isa. Abin gudu shi ne tsagar da ta kai bakin dutsen, domin duk taurin daimon yana iya ɓarewa in ya bugu a wurin da bai dace ba.

Wanda ya fi duka muhimmanci, kuma wanda masu sayarwa suka fi yin shiru a kansa, shi ne yanka. Ƙyallin daimon daga hannun mai yanka yake fitowa. Mai zagaye yana da fuskoki 57 ko 58, kowace da kusurwarta, domin haske ya shiga ta sama ya juyo ya fito ta sama. In an yanka shi da zurfi, tsakiyarsa ta yi duhu, kuma nauyin ya ɓuya a ƙasa inda ba a gani. In an yanka shi fale-fale don ya yi faɗi, sai ya zama kamar fasasshen gilashi. Fitilun kanti an tsara su ne don komai ya yi walƙiya, har kwalba. A roƙi mai kanti a fito da zoben bakin ƙofa a gan shi a hasken rana, a kuma gan shi a inuwa. Ƙaramin dutse mai kyan yanka ya fi babba wanda ya mutu. In kuɗi bai isa komai ba, a rage nauyi, a rage launi, kada a taɓa yanka.

Duk wannan bayani ba shi da amfani in babu takarda. Ba rasit ba, ba katin da kantin ya buga da kansa ba: takardar shaida daga cibiyar da ba ta sayar da dutsen, irin GIA ko IGI. Takardar tana da lamba, ana shigar da lambar a shafinsu na intanet a ga ko bayanin ya dace. Sau da yawa an rubuta wannan lambar da leza a gefen dutsen, ana ganinta da madubi. Mai sayarwar da ya ce takarda ta ɓata, ko ya ce "ai mun saba, ka yarda da ni", a yi masa godiya a fita. Kada kuma ɗan alƙalamin gwajin nan mai ƙara ya ruɗe mu. Zafi yake aunawa. Yana kama zikoniya, dutsen da ya cika kasuwa a araha, amma akwai wani dutse da ake kira mosanait wanda yake wucewa a irin wannan gwaji kamar daimon. Mosanait ba abin ƙi ba ne, yana da ƙyalli da tauri. Laifin shi ne a sayar maka da shi a farashin daimon, ka yi ta yi wa rogo kallon kitse.

Ga kuma wanda ake haɗawa a masana'anta. Shi ba jabu ba ne, daimon ne na gaske, sinadarinsa ɗaya da wanda aka haƙo a Botswana, sai na'ura ta musamman ke raba su. Farashinsa ya faɗi ƙwarai a 'yan shekarun nan, har ya ja na haƙowa ƙasa. A ganinmu, saurayin da ya nace sai daimon, wannan ya fi masa. Zai samu ƙyallin da yake so da kuɗi kaɗan, muddin an rubuta gaskiya a takarda kuma ya faɗa wa yarinyar gaskiya. Ya dai sani ranar sayarwa kusan babu abin da zai dawo.

Nan ne maganar ta fi damunmu. A al'adarmu kayan adon mace ba ado ne kaɗai ba, ajiya ce. Mata nawa muka sani a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da suka cire 'yan kunne suka biya kuɗin asibiti, ko kuɗin makaranta, ko suka tayar da jarin miji bayan gobara a kasuwa? Gwal yana da farashin giram da kowa ya sani, daga Legas har Kano, yau ka kai yau a biya ka. Daimon ba shi da wannan a ƙasar nan. Idan aka karkatar da kuɗin da a da ake sa wa a sarƙa da awarwaro aka zuba a dutse guda, an rage wa yarinyar abin da za ta jingina da shi, ko da hoton ya yi kyau. Sadaki haƙƙinta ne, malamanmu na Malikiyya sun sa mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, wato shi ma da zinare aka auna shi. Abin takaici ne a ga an yi ta ja-in-ja a kan sadaki a zaure, sannan da dare a fito da zoben da ya ninka shi sau da yawa don masu ɗaukar hoto.

Wani ƙaramin abu da maza ba sa tunawa: ita za ta sa zoben. Hannun da zai yi wanke-wanke, ya tuƙa tuwo, ya sha lalle da man shafawa. Dutsen da aka ɗaga sama a kan 'yan ƙafafu yana kama mayafi da leshi, yana jan zare. Gwal 21 da 22 kuma yana da laushi, ƙafafun na iya buɗewa dutsen ya faɗi, shi ya sa ake yin irin waɗannan zobba da 18. A tambaye ta, ko a tambayi ƙawarta.

Abin da ya same mu a zobe shi ya same mu a bikin kansa. Masu shirya biki suna ce wa yaranmu za su mayar da bikin "naku na kanku", sai a buga sunan ango da amarya a kofi da mafici da bango. Amma mu da muke zuwa bukukuwan nan kowane ƙarshen mako mun san ba a bambanta su: fure iri ɗaya, hayaƙi iri ɗaya, shigowa iri ɗaya, mai gabatarwa yana barkwancin da ya yi makon jiya. An kwana huɗu ana taro, an ɗora wa ƙawaye anko kala uku, gwaggon da ta kwana a mota daga Katsina tana zaune a kujerar baya ba ta san me ake yi ba, ba wanda ya gabatar da ita.

Bukukuwan da suka zauna mana a rai ba su ne mafi tsada ba. Mun tuna wanda aka bar wa tsofaffi kamu suka yi shi yadda ake yi a garinsu, ƙawaye suka ɓoye amarya, dangin ango suka yi ta ciniki ana dariya kafin a fesa mata turare. Mun tuna wanda uwar amarya ta ce shinkafar otal ba za ta shiga ba, aka soya waina a wurin, aka dama fura, aka kawo alkaki da nakiya daga gida, har maƙwabta Yarbawa suna tambayar ko akwai na tafiya da shi. Mun tuna na yaronmu da ya auri 'yar Ibadan, aka sa mutum ɗaya yana fassara nasihar dattawa daga Hausa zuwa Yarbanci, daga Yarbanci zuwa Hausa, ba wanda ya zauna kamar baƙo. Aka kuma tashi kafin magariba, saboda an san akwai masu komawa Ikorodu cikin cunkoso. Duk wanda ya tsara haka ya zauna ya yi tunanin mutanen da za su zo ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan tunanin ba ya cikin takardar farashin mai shirya biki.

Shawararmu ga masu shirin aure ita ce, kafin a biya kuɗin zauren taro, ango da amarya su zauna da iyaye su tambayi kowane taro: wa ake yi wa wannan? Wanda aka rasa amsarsa a soke shi. Ɗaurin aure da walima da kai amarya ba sa buƙatar kare kansu. Sauran kuwa zaɓi ne, iyali su ɗauki biyu ko uku da suka san ma'anarsu su yi su da kyau.

Zoben ma ana iya yi masa haka. Wata 'yar'uwarmu ta karɓi tsohon ɗan kunnen kakarta da ɗayan ya ɓata tun tuni, ta kai wa maƙerin gwal ya narkar, ya yi mata zobe sumul babu dutse, aka rubuta ranar ɗaurin auren da ajami a cikinsa. Giram huɗu da 'yan kai ne. Ranar buɗar kai kakar ta kama hannunta tana juya zoben, tana ba dangin ango labarin shekarar da ta sayo ɗan kunnen a Makka, da abin da ta sayar kafin ta haɗa kuɗin.