Agogon Motsa Jiki: Ya Iya Ƙirgan Taku, Amma Ba Likita Ba Ne

Yau maganar agogon nan nake so mu yi, wanda ya cika hannun samarinmu, mai ƙirga taku da auna bugun zuciya. Ba don kwalliya na ɗauko zancen ba, sai don abin da ya faru a gidanmu, wanda saura ƙiris ya zama abin kuka.

Bari in fara da alherinsa, don kada a ce na zalunce shi. Wata takwas ke nan ina ɗaura shi. Da can ina ganin tunda kullum ina rumfar Baba a kasuwar Bodija, ai ni mai motsi ne. Agogon ne ya tona mini asiri: ranar da ba a sauke kaya ba, a kan benci nake wuni, daga shayi sai hira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ni kuwa ko rabi ba na yi. Ganin lambar nan a hannuna ya sa na fara tattaki bayan sallar Asuba, kuma wallahi na ji canji a jikina. A nan kam agogo ya ci kuɗinsa.

Awon bugun zuciya ma ba laifi. In ka juya bayansa za ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Jini yana shanye koren haske, don haka duk bugu ɗaya hasken da ke dawowa yakan canza, da haka yake ƙirgawa. A shekarar 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda 7. Sun samu yawancinsu suna auna bugun zuciya kusan daidai, amma wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙona babu ko ɗaya da ya yi abin kirki. Wanda ya fi iyawa ma ya kauce da kashi 27 cikin ɗari. Saboda haka mai cewa agogo ya ba shi izinin ƙara malmalar amala, kansa yake cuta.

Ƙirgan takun ma yana da nasa shirmen, domin lilon hannu yake bi, ba ƙafa ba. Ka hau acaɓa a hanya mai gargada, sai ya rubuta maka taku alhali kana zaune. Yaron da ke tura baro tun safe kuwa, da yake hannunsa a kafe yake, sai agogon ya rage masa lissafi. Shi kansa taku 10,000 da ake ta yayatawa ba daga asibiti ya samo asali ba. Sunan wata na'urar ƙirgan taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Ga kuma caji. Mai fuska irin ta waya yakan nemi wuta kusan kullum, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Yanzu ga abin da ya sa na yi rubutun nan. Mahaifina yana da hawan jini, shekara huɗu yana shan magani. Da ya ga nawa, sai wani abokin cinikinsa ya kawo masa wani mai araha, wai har jini da suga yake aunawa. Duk sanda Baba ya danna, lamba mai kyau yake gani. Sai ya ajiye maganinsa bai gaya wa kowa ba, a ganinsa ya warke, kuɗin magani ya huta. Bayan mako uku jiri ya kwashe shi a rumfa, aka riƙe shi. Da muka je asibiti aka ɗaura masa na'urar damtse, ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce me muke jira tun tuni? A daidai lokacin agogon yana hannunsa yana nuna lafiya lau.

Da muka dawo gida na cire shi na ɗaura a ƙafar kujera, na danna. Jama'a, kujera ma ta samu hawan jini daidai da na Baba! Araha dai ba ta ado.

Kada a ce ai don jabu ne. Ko na manyan kamfanoni suna da iyaka. Agogon Samsung mai awon jini sai an daidaita shi da na'urar damtse duk mako huɗu kafin a dogara da lambarsa. Game da suga kuwa, a watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mutane kada su yi amfani da agogo ko zoben da ke da'awar auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko guda ba. To in can haka abin yake, ina ga wanda aka shimfiɗa a tire a bakin titi?

Akwai kuma maganar sirri. Mai taswira a cikinsu yana adana duk inda ka taka. A 2018 taswirar manhajar Strava ta fallasa sansanonin sojan Amurka, saboda sojojin suna gudu da irin waɗannan na'urori. Ɗan kasuwar da ke fita da kuɗi a lokaci guda, ta hanya guda, bai kamata ya riƙa watsa taswirar tafiyarsa a Facebook don burge abokai ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, in kana da hali kuma kana son abin da zai riƙa zungurarka ka tashi daga benci, saya, zai amfane ka. In kuwa don dattijo mai hawan jini ne, ka sayo masa na'urar damtse, ko ka riƙa kai shi awo. Kuma kada wanda ya bar magani sai da izinin likita. Mu da muke zaune nesa da gida, in uba ya kwanta, rumfa ta kwanta, har waɗanda ke jiran aike a Arewa sai sun ji a jikinsu.

Baba ya koma kan maganinsa, Alhamdu lillahi. Agogon yana nan a hannunsa, ya ce lokacin sallah kawai yake dubawa. Don Allah duk wanda ya karanta ya leƙa hannun iyayensa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya bar zumunci. Wassalam.