Yi wa kamfani rajista ba wuya, riƙe shi ne aiki

Duk wanda ke bin Facebook da WhatsApp a 'yan shekarun nan ya saba ganin tallar masu cewa a kawo kuɗi kaɗan su yi wa mutum rajistar kamfani cikin kwanaki. Matasa da dama sun amsa kiran. Mai sayar da turare ta intanet, da mai ɗinki, da mai shagon waya a Farm Centre, kowa na son ya ga kalmar Limited a ƙarshen sunan kasuwancinsa. Idan takardar Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, ta fito, sai a ɗora hotonta, 'yan uwa da abokai su yi ta fatan alheri.

Ba laifi ba ne mutum ya so kasuwancinsa ya samu gindin zama a hukumance. Abin da masu tallar ba sa faɗa shi ne, kuɗin rajista shi ne mafi ƙanƙantar abin da mai kamfani zai kashe. Masu kiwon doki sun san cewa ranar saye ba ita ce ranar wahala ba, harawa da dawa na kullum su ne ke gwada mutum. Kamfani ma haka yake. A ra'ayina, mafi yawan masu ƙananan sana'o'in da ke rububin buɗe Limited ba su kai lokacinsa ba tukuna, kuma suna ɗora wa kansu bashin da ba su san yana taruwa ba.

Me ake saye da wannan kuɗi?

A idon doka, kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da wanda ya kafa shi. Yana mallakar kadara, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kuma kai shi. Wannan ƙa'ida ta samu karɓuwa ne a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, a shari'ar wani mai sana'ar takalma, Aron Salomon. Kamfaninsa ya durƙushe, masu bin bashi suka nemi a biya su daga aljihunsa, amma kotun ƙoli ta ƙasar ta ce bashin kamfani na kamfani ne. Najeriya ta gaji wannan tsari, kuma shi ne ma'anar Limited: asarar mai hannun jari ta tsaya a kan abin da ya zuba ko ya yi alƙawarin zubawa. Gidansa da gonarsa ba sa ciki.

Wannan kariya ce mai daraja, kuma Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan shekarar, ta sauƙaƙa samun ta. A da sai an samu mutum biyu kafin a kafa kamfani, shi ya sa ake cusa sunan mata ko ƙane don cike gurbi. Yanzu mutum ɗaya ya isa. Dokar ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni tilascin naɗa sakatare da gudanar da babban taron shekara. A wajen CAC, ƙaramin kamfani shi ne wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, kadarorinsa bayan cire bashi ba su wuce miliyan 60 ba, kuma babu ɗan ƙasar waje ko gwamnati cikin masu shi.

Kuɗin ranar farko

A ranar buɗewa abubuwa uku ne ke cin kuɗi: kuɗin CAC na ajiye suna da rajista, da harajin hatimi da ake biya kan jarin da aka rubuta, sai ladan lauya ko ejan idan mutum bai yi da kansa ba. Mafi ƙarancin jarin da doka ta yarda a rubuta wa kamfanin da ba na jama'a ba shi ne naira 100,000, amma mutane sun fi rubuta miliyan ɗaya.

A nan ne son burga ke fara cin mutane. An daɗe ana karɓar harajin hatimi a kan kashi 0.75 cikin ɗari na jarin. Wanda ya rubuta miliyan ɗaya zai biya naira 7,500, wanda ya rubuta miliyan goma kuma 75,000, ga kuɗin CAC shi ma yana hawa tare da jarin. Babban abin lura ma ba wannan ba ne. Dokar 2020 ta ce dole a raba hannayen jarin duka ga masu kamfanin. Ke nan idan ka rubuta miliyan goma don suna ya yi kwarjini alhali ba ka zuba ko dubu ɗari biyar ba, ragowar bashi ne a wuyanka. Ranar da kamfanin ya rushe da bashin mutane, ana iya neman ka cika shi. Kariyar da ka je saye, kai da kanka ka rage mata tsawo.

Akwai kuma sana'o'in da hukumomin da ke kula da su suka gindaya nasu jarin. Misali, a 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce kamfanin canjin kuɗi mai babban lasisi sai ya tanadi naira biliyan 2, mai ƙarami kuma miliyan 500. 'Yan canji na Wapa sun san yadda wannan sharaɗi ya girgiza kasuwarsu. Takardar CAC ba lasisin sana'a ba ce, matakin farko ne kawai.

Harawar shekara-shekara

Abu na farko shi ne rahoton shekara da kowane kamfani zai miƙa wa CAC tare da kuɗinsa, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Idan aka tsallake shekara, tara na hawa. Idan aka jima ba a miƙa ba, duk wanda ya duba sunan kamfanin a shafin hukumar zai ga an rubuta cewa ba ya aiki. Banki na dubawa, mai ba da kwangila na dubawa, ofishin jakadanci ma na iya dubawa idan ka nemi biza da sunan kamfanin. A 2023 hukumar ta sanar cewa za ta soke kamfanoni kusan 100,000 da suka yi shekara goma ba su miƙa rahoto ba. Wannan adadi kaɗai ya isa shaida cewa ɗimbin jama'a sun sayi doki ba su tanadi harawa ba.

Abu na biyu shi ne haraji, kuma nan ne aka fi samun rashin fahimta. Dokar Kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, sabuwar dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a watan Janairun 2026 kuma ta ƙara ɗaga wannan mizani. Sai mutane suka ɗauka an sallame su ke nan. Ba haka ba ne. An yafe biya, ba a yafe kai bayani ba. Kamfani zai gabatar wa hukumar tara haraji ta tarayya, wadda aka sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS, lissafinsa cikin wata shida bayan ƙarewar shekarar kasuwancinsa. A sabuwar dokar, tarar rashin yin hakan naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Jinkirin wata goma sha biyu ya zama naira 650,000, a kan kamfanin da wataƙila bai sayar da ko allura ba.

Abu na uku shi ne mai haɗa lissafin. Hukuma ba ta karɓar littafin da aka rubuta "an ba Malam Sani bashi" a gefen shafi. Ana buƙatar lissafin da aka tsara, wanda ke nufin ladan akanta duk shekara, da adana rasit da bayanan banki tun daga watan farko.

Sai ƙananan abubuwan da ke tasowa a hanya. Sauya darakta, sauya adireshi, shigo da sabon abokin tarayya ko ƙara jari, kowanne sai an sanar da CAC an biya, kuma a 2025 hukumar ta sanar da ƙarin kuɗin ayyukanta da dama. Duk mai kashi 5 cikin ɗari na kamfani ko fiye sai an bayyana sunansa. Dillalan motoci da na filaye da masu sayar da gwal kuwa sai sun kawo takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC, kafin banki ya bar asusunsu ya yi aiki yadda ya kamata.

Wanda ya buɗe kamfani don neman kwangilar gwamnatin tarayya ya fi kowa shan mamaki. Za a nemi takardar shaidar biyan haraji, da ta hukumar fansho, da ta NSITF, da ta ITF, kuma kowace shekara ake sabunta su. Fansho kaɗai, ga kamfanin da dokar 2014 ta hau kansa, kashi 10 cikin ɗari ne daga mai kamfani, kashi 8 daga albashin ma'aikaci. Mutane da yawa suna kashe kuɗin waɗannan takardu shekara bayan shekara suna jiran kwangilar da ba ta zo ba.

Kuɗin da ba a biya da naira

Akwai wani farashi da ya fi waɗannan duka wahalar biya a wajenmu, wato raba aljihu. Mun saba da kasuwancin da aljihun maigida shi ne asusun shago. Daga nan ake cefane, daga nan ake biyan kuɗin makaranta da gudummawar biki. A kamfani wannan ba ya yiwuwa. Kuɗin kamfani ba naka ba ne, ko da kai kaɗai ka mallake shi. Sai dai ka yanka wa kanka albashi, wanda jiha za ta karɓi haraji a kansa, ko ka jira rabon riba.

Wanda ya ci gaba da cakuɗa kuɗin ya raunana katangar da ya gina. Doka ta ba kotu damar ɗora wa daraktoci bashin kamfani a kan kansu idan aka tabbatar sun yi amfani da shi wajen damfarar masu bin bashi. Banki ma ba ya zama wawa. Idan ƙaramin kamfani ya je neman rance, yawanci sai an sa darakta ya tsaya da kansa ko ya ajiye takardar gidansa. Da zarar ka sa hannu a wannan takarda, Limited ta tashi daga aiki a kan wannan bashi.

To wa ya kamata ya buɗe?

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai waɗanda rashin kamfani ne ke cutar da su. Na farko, masu haɗa jari. Abokai uku da suka haɗa kuɗi suka kafa injin casar shinkafa, gara kowa ya san kasonsa a rubuce tun ana dariya. Na biyu, masu sana'ar da haɗarinta ke da girma, kamar sufuri da gine-gine da sarrafa abinci, inda kuskure ɗaya ke iya jawo diyyar da ta fi ƙarfin jarin. Na uku, masu hulɗa da manyan kamfanoni ko masu fitar da riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa ƙasashen waje.

Na huɗu, wanda ya fi damu na, shi ne batun gado. Sau nawa muka ga babban shago a Kantin Kwari ko Singa ya watse cikin shekara biyu da rasuwar mai shi, saboda an raba kaya da rumfuna kowa ya kama gabansa? Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Ana iya raba hannayen jari ga magada bisa ƙa'idar shari'a, kowa ya samu haƙƙinsa, kasuwancin kuma ya ci gaba a dunƙule. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, amma kamfanin da ke ɗauke da sunansa da na 'ya'yansa ya ci gaba da aiki shekaru masu yawa bayansa. Ga attajirin da ke da rumfuna goma da 'ya'ya ashirin, ladan akanta ba komai ba ne idan aka auna shi da abin da za a tsirar.

Amma mai ɗinki da keke biyu, ko mai POS a bakin titi, ko matar da ke sayar da kayan ƙamshi daga gida, rajistar sunan kasuwanci ta ishe su. Ta fi araha, tana ba da damar buɗe asusun banki da sunan sana'a, rahoton shekararta ya fi sauƙi, harajinta kuma na mutum ne da ake biya wa jiha, inda sabuwar doka ta yafe naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara. Gaskiya ne ba ta raba bashin sana'a da dukiyar mai ita, sai dai wanda ba ya cin babban bashi, me zai ji tsoro? Idan kasuwa ta buɗe, ƙofar Limited tana nan ba ta gudu ba.

Abin da ya rage wa hukumomi

Gwamnati na alfahari da yawan sababbin rajista. A 2020 ta yi wa masu ƙananan sana'o'i 250,000 alƙawarin rajistar suna kyauta, a 2024 kuma CAC ta tilasta wa masu POS yin rajista. Amma yawan shiga ba shi ne nasara ba idan akasarin waɗanda suka shiga suna faɗawa cikin tara. Ya kamata duk wanda ya karɓi takardar kamfani a ba shi, da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar nan, jerin abin da ke kansa da ranakun da zai cika su. Ya kamata ƙaramin kamfani ya cike takarda guda da za ta wadatar da CAC da hukumar haraji a lokaci ɗaya. Kuma a sauƙaƙa rufe kamfanin da bai taɓa aiki ba, domin a yanzu wanda ya so fita sai ya fara biyan bashin shekarun baya da kuɗin neman sokewa, shi ya sa mutane ke watsar da shi kawai su yi tafiyarsu.

Ejan-ejan da lauyoyi ma da nasu alhakin. Wanda ya karɓi kuɗin mutum ya yi masa rajista bai gaya masa abin da ke gaba ba, bai cika amana ba.

Ga mai niyyar buɗewa, kafin ka tura kuɗi ka tambayi wanda zai yi maka aikin ya rubuta maka abin da za ka kashe a shekara ta biyu da ta uku, har da ladan akanta. Idan ribar sana'arka za ta ɗauki wannan ba tare da ta taɓa cefanen gida ba, bismillah. Idan ba za ta ɗauka ba, ka dakata tukuna. Wanda kuma ya riga ya buɗe ya ajiye takardar a cikin durowa, ya shiga shafin CAC yau ya duba matsayin kamfaninsa, domin tarar wannan watan ta fi ta watan gobe sauƙi.