Sulhu Tsakanin Likita Da Majinyaci: Tilas A Zauna, Ba Tilas A Yarda Ba

Sanin kowa ne cewa idan aka yi rashi a asibiti saboda sakacin likita, abin da talakan Kawo ko Unguwar Shanu ya saba faɗa shi ne kwana ya ƙare, an bar wa Allah. Ba tawakkali kaɗai ke sa shi faɗar haka ba. Shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kuma da wuya a sami likitan da zai tsaya gaban alƙali ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa.

Abin da ya faru a Kano ya isa darasi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a cikin binciken da ya haɗa yara 200, guda 11 suka rasu. An yi ta fafatawa a kotunan Nijeriya da Amurka, amma sai a 2009 sulhu ya kashe maganar da gwamnatin jihar, a kan dala miliyan 75.

Saboda haka daidai ne alƙalin Babbar Kotun Kaduna ya umurci ɓangarori biyu su fara zuwa zauren sulhu kafin a buɗe shari'a. Legas ta kafa irin wannan zaure a jikin kotu tun 2002, dokar tarayya ta 2023 kuma ta ƙarfafa matsayin yarjejeniyar da aka cimma a sulhu. Ga Bahaushe kuwa, sulhu da diyya ba baƙi ba ne.

To, amma akwai sharuɗɗa, domin kada a haɗa kura da ɗan akuya a ce su daidaita. Na farko, a miƙa wa iyalan majinyaci takardun jinyarsa, a samo musu likita mai zaman kansa ya fassara musu abin da ke ciki. Na biyu, ikon kotu ya tsaya ga sa su zama. Wanda bai gamsu ba ya koma gaban alƙali. Na uku, biyan diyya kada ya hana Majalisar Likitoci ta Nijeriya hukunta mai sakaci, gama majinyaci na gobe ba ya cikin zauren, alhali ransa ne ke kan gadon. Allah ya sa a dace.