Girkin Girkawa a Tanderun Mai Burodi

 A wannan wata mun ajiye alli da allo, mun leƙa madafa. Kada maza su juya shafi, domin zancen ya shafi aljihunsu.

A ƙasar Girka akwai wata tsohuwar al'ada. Tun kafin tanderun lantarki ya shiga gidaje, ranar Lahadi uwargida kan jera kaza da dankalin turawa a faranti mai zurfi, ta aika yaro ya kai wa mai burodin unguwa. Shi kuma ya saka a tanderunsa, a ba shi ɗan abin hasafi, da azahar a zo a ɗauka. Girkawa ba baƙinmu ba ne. Dattawa sun san kantunan Leventis, waɗanda wani Bagirke ɗan tsibirin Saifurus ya kafa a ƙasar nan tun shekarun 1930.

Da muka ji labarin sai muka ce, ashe mu ma muna da kayan aiki. A zangon Yendi akwai tanderun ƙasa, haka a Salaga da Bawku. Bayan an kwashe burodi zafin yakan daɗe bai huce ba, ya tafi a banza, alhali matanmu na kuka da tsadar gawayi da itace.

Ga yadda muka yi. A yanka kaza guda gida 8. A matse lemun tsami 2, a daka tafarnuwa da masoro da gishiri, a haɗa da mai ludayi guda, a shafe naman, a bar shi awa 1. Girkawa da man zaitun suke yi, mu man gyaɗa ya wadatar. Suna kuma barbaɗa wani busasshen ganye mai ƙamshi da ake kira oregano, mu ɗoɗɗoya ta maye gurbinsa. A madadin dankali sai doya, tunda Allah ya hore mana ita a ƙasar Dagomba. A yanka ta manya-manya, a shimfiɗa a ƙasan kasko tare da albasa da tumatir, a ɗora naman a bisa domin romonsa ya riƙa sauka cikinta. A zuba ruwa kofi 2, don doya ta fi dankali shan ruwa. A rufe, a gasa kamar awa 1, sannan a buɗe minti 15 ya yi ja.

Ranar farko mun yi garaje, muka saka kaskon tanderu na tsakiyar zafi. Waje ya ƙone, ciki da jini. Yara suka yi ta dariya, uwargida kuwa ko uffan. Saboda haka a jira burodi ya fita tukuna, kuma a soka wuƙa wajen ƙashin cinya. In ruwan da ya fito da ja, a mayar. Kazar gida da zabo suna da tauri, sai an ɗan tafasa su minti 20 kafin gashi.

Saura wace kaza za a saya. Mafi yawan kajin da ake ci a Gana yanzu daskararru ne daga Brazil da Amurka da Turai. A 2003 majalisa ta ɗaga harajinsu daga kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, amma ba a je ko'ina ba aka janye. Ba mu zargi wanda aljihunsa ya tura shi wajen mai firji ba. Sai dai kuɗin zabon da aka saya ranar kasuwa yana komawa hannun wata uwa a ƙauye, wataƙila ma ɗanta yana ajinmu, kuma mun san wanda ya yanka.

Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kaya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.