Kwamfutar hannu: A tanadi filashin ceto tun tana lafiya

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ɗalibai da 'yan kasuwa ke saya a Gusau na hannu ne, kuma ba sa zuwa da faifan gyara. Ranar da Windows ta ƙi tashi, mai kwamfuta a Tsafe ko Bungudu sai ya kama hanyar Gusau: ga kuɗin mota, ga fargabar hanya, ga ladan mai gyara.

Sauko da Windows daga intanet ma ba shi da tabbas. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni.

Alhali maganin yana cikin kwamfutar. Windows 10 da 11 suna da manhajar Recovery Drive, wadda ke kwafe abin da ake buƙata don farfaɗo da ita zuwa filashi mai aƙalla 16GB. A sa filashi marar komai, domin za ta goge shi, kuma a tabbatar akwai caji. Ba ta adana hotuna da takardu, don haka a kwafe su daban.

Ya kamata masu shaguna su riƙa haɗa wannan filashi cikin ciniki, masu saye kuma su nema kafin su biya.