Sayen gida ba dillali: kuɗin la'ada ya koma wurin bincike

Duk wanda ya tashi sayen gida a Kano ko Kaduna ko Zariya, kafin ya ga ƙofar gidan sai ya ga dillali, sau da yawa ma ba ɗaya ba. Wanda ya san mai gidan daban, wanda ya kawo mai saye daban, ga 'yan kayi-na-yi a biye, kowa na jiran a ce "Allah ya sa alheri" ya miƙa hannu. La'adar da aka saba ji ita ce kashi 5 cikin 100, wato gidan naira miliyan 30 zai ci miliyan ɗaya da rabi, ban da abin da wasu ke ɗorawa a kan farashin da mai gida ya yanka ba da saninsa ba. A ganina mutum na iya sayen gida ba tare da dillali ba, kuma babu wata doka da ta wajabta shi a ciniki. Sharaɗin kawai shi ne kuɗin da aka tsira da su kada su koma aljihu gaba ɗaya, a kashe wani kaso wurin lauya da mai awo da binciken takardu.

Dalili kuwa, abin da ke jefa masu saye cikin asara ba rashin samun gida ba ne, rashin ingancin mallaka ne, kuma wannan ba fagen dillali ba ne. Shi aikinsa haɗa mai saye da mai sayarwa, ladansa ba ya fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma gwargwadon tsadar gida gwargwadon rabonsa. Mai irin wannan matsayi, ko da mutumin kirki ne, ba shi ya kamata a tambaya ko takarda na da matsala ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya ce mai shaidar mallaka ta gwamnati ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa haka babu shi. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba. Idan banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga wanda duk abin da ya riƙe shi ne takardar ciniki mai shafi ɗaya da sa hannun dillali a ƙasa?

Abin da zai kare mai saye sananne ne, sai dai yana buƙatar haƙuri. Ya karɓi kwafin shaidar mallakar, lauyansa ya kai ta hukumar filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a buɗe fayil a ga sunan wa ke ciki, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai kuɗin ƙasa da ya taru, ko gwamnati ta soke mallakar. Mai awo ya je ya auna, ya tabbatar lambar fulotin da ke takarda ita ce ta gidan da aka nuna, ba na maƙwabci ba, kuma katanga ba ta ci hanya ko magudanar ruwa ba. Sannan a kawo magini ko injiniya ya duba tushe da rufi, ya ƙwanƙwasa bango, domin sabon fenti kan ɓoye tsagewa da jiƙar damina. Kafin alƙalami ma kada a ba da shi sai an rubuta cewa za a mayar idan bincike ya nuna matsala. Kuɗin kuma su bi ta banki zuwa asusun mai gidan da kansa. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 hannu da hannu, ga shi kuma shaidar banki ta fi rantsuwar shaidu ƙarfi ranar da aka je kotu.

Za a ce ai yawancin gidajenmu ba su da shaidar gwamnati, awon igiya ne ko gidan gado a cikin gari, don haka binciken fayil zancen 'yan boko ne, dillalin unguwa shi ya san tarihin kowane gida. Rabin maganar gaskiya ne. Amma sanin da dillali ke da shi, mai unguwa da limami da maƙwabtan da suka shekara a layin sun fi shi, kuma su ba su da kaso a cinikin. A gidan gado abin tambaya shi ne ko an raba gadon, ko kowane magaji ya yarda, har da matan da ke aure a wani gari da marayun da ba su balaga ba. A fiƙihun Malikiyya wanda ke tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya kuɗin da baƙo ya biya ya karɓe kason da aka sayar. Wanda ya sayi kason babban wa shi kaɗai na iya wayar gari da sammacin kotu daga ƙanwarsa. Maganin wannan takardar rabon gado ce daga kotu da sa hannun duk magada, kuma dillalin da ke gaggawar karɓar la'ada ba shi zai bi su gida-gida ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren dillalai ita ce farashi. Wanda bai san kasuwa ba na iya guje wa la'adar miliyan ɗaya ya yi asarar uku, don mai gida ba lallai ya rage komai ba saboda an zo masa kai tsaye. Haka ne, shi ya sa baƙo a gari, ko mai neman gida cikin gaggawa, dillali na da amfani a gare shi, kuma sana'a ce halastacciya da mutane da dama ke ci da iyali da ita. Sai dai farashi ma ana iya sanin sa ta wata hanya: a tambayi nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku a layin kwanan nan, ko a biya ƙwararren mai ƙiyasin kadara da ke da rajista ya yi ƙima a rubuce. Shi ana biyan sa ko an saya ko an fasa, saboda haka ba shi da dalilin zuga kowa.

Wanda duk ya ga ba zai iya ba sai da dillali, to ya ɗauki guda ɗaya, a rubuta la'adarsa tun farko, a kuma zauna da mai gidan ido da ido kafin a biya ko kwabo. Wanda ya zaɓi ya yi ba dillali kuwa, ya ware kuɗin lauya da na awo tun kafin ya fara taya gida, kuma kada ya biya cikon kuɗin sai sakamakon bincike ya zo hannunsa a rubuce.